Kakin da Ya Dawo Eusa

A tsibirin Eusa ba kasafai ake binne namiji da gangar jikinsa ba. Maza na teku ne, a can suke ƙarewa, maƙabartarmu kuwa ta mata ce da jarirai. Shi ya sa makon jiya, da aka fito da Gwenole Miniou, masu ɗauke da akwatin sai tuntuɓe suke yi a hanyar coci. Kafaɗunsu ba su saba da nauyin namiji ba.

An haife shi da ƙafa ɗaya gajeriya, don haka tun yana goye aka san teku ba za ta same shi ba. Ta riga ta ci ubansa. Uwarsa, Inna Barba, ita ce mai yin gicciyen proella a ƙauyensu. Idan labari ya tabbata cewa mutum ya mutu a ruwa, babu gawar da za a kawo, sai babban namiji na danginsa ya tsaya a ƙofar gidan ya ce, "Yau akwai proella a gidan nan." Daga nan Inna Barba za ta murza kakin zuma ta yi ɗan gicciye da bai wuce tsawon yatsa ba. A kwantar da shi a kan farar hular matar mamacin, a yi masa kuka, a kai shi coci kamar yadda ake kai gawa. Sai an yi haka mace take zama gwauruwa, sai an yi haka tsofaffi suke cewa mutumin ya daina yawo a kan ruwa. Gwenole ya tashi cikin warin kakin nan, har ya ce a gidansu ko miya aka zuba masa sai ya ji shi a cokali.

Ƙaninsa Jakez kuwa ƙato ne mai dariya da ƙarfi, da tabon ƙugiya da ya raba masa babban yatsan dama gida biyu. Shi ya tafi teku kamar kowa. Shi kuwa Gwenole, limamin coci ne ya ɗauke shi ya koya masa karatu da Faransanci, daga baya ya samo masa aiki a Brest, a babban siton sojan ruwan sarki. Aikinsa ya karɓi kaya, ya duba, ya sa a rufe a ganga ko akwati, ya tura jirgin da aka ce. A wannan aiki ya tsufa, bai hau ba, bai sauka ba.

Shekarar da aka yi shirin jirgin Petrel ita ce kaɗai mutane suke tuna shi da ita. Sarki ya so a tura jirgi ya zagaya can bayan duniya, ba don yaƙi ba, don a auna gaɓar teku, a zana tsibirai, a kwaso tsirrai da kifaye da ƙwari a kawo wa masana. Tun daga damina har rani sito bai huta ba. Yau umarni ya zo daga Paris a ƙara naman gishiri, gobe wani ya zo ya soke shi. An tara kabeji mai tsami don ciwon dasashi, da gatura da madubai da duwatsun wuya na kyauta ga mutanen da za a tarar, da agoguna masu tsada da aka shimfiɗa wa ulu kamar jarirai. Shugaban siton, Yallaɓai Kemener, ya rame har wandonsa yana zamewa.

Akwai wani masanin halittu da za a tafi da shi, siriri mai tari, wanda kullum sai ya leƙo da sabuwar buƙata. Shi ya nemi kwalabe masu faɗin baki, da barasar jiƙa ƙwari, da kakin zuma mai yawa na toshe bakin kwalaben don kada iska ta shiga. Gwenole ya karɓi kakin, curi-curi, rawaya. Da ya buɗe buhun farko ya ɗan ja baya, ya goge hannunsa a riga. Amma aiki ne. Ya sa aka ɗora a amalanke aka gangara da shi bakin ruwa da rana tsaka, buhu ɗaya a yage, kowa yana gani.

A cikin waɗanda aka kira su yi aikin jirgin akwai mutanen Eusa da dama, don an san su da haƙurin ruwa. Jakez yana cikinsu, da sabon aurensa da Soaz. Suna kan jirgin suna jan igiya aka ɗago buhunan, curi ɗaya ya faɗo ya gangara har ƙafarsu. Babu wanda ya taɓa shi. Suka saki igiyar, suka sauko ɗaya bayan ɗaya, suka zauna a kan gangunan da ke bakin ruwa suka ƙi aiki.

Yallaɓai Kemener ya shigo sito yana huci.

"Miniou! Mutanenka sun haukace ne? An yi musu magana, sun yi kamar ba sa ji. Me suke so?"

"Yallaɓai, kakin ne."

"Kakin me? Ya cije su ne?"

Gwenole ya yi ƙoƙarin bayani. Kemener ya saurara da baki buɗe, sannan ya dafe kai.

"Ni dai na shiga uku. Je ka gaya musu da yarenku. Idan ba su koma ba kafin a kaɗa ƙararrawa, sojoji za su mayar da su, ka kuma san abin da ake yi wa wanda ya ƙi kiran sarki."

Ya sani. Ya ɗingisa zuwa bakin ruwa. Tun daga nesa Jakez ya hango shi.

"Ga malamin tawada nan tafe! Yaya, a hankali, kada ka riga mu faɗawa ruwa."

"Ku kuma ga jarumai, an kore ku da abin da ƙudan zuma ya kasayar."

Wasu suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Wani dattijo a cikinsu ya tofar da taba ya ce, "Ɗan Barba, kai ka fi kowa sanin abin da ake yi da shi. Jirgin da bai tashi ba, an riga an saya mana likkafani?"

"Baba, kyandir ma da kaki ake yi."

"Kyandir na jirgi da kitse ake yi. Kada ka raina mana hankali. Su na Paris sun san ba za mu dawo ba."

"Su na Paris ba su taɓa jin sunan Eusa ba, balle proella," in ji Gwenole. "Na kwalba ne. Mutumin nan mai tari zai kama kifi da ƙadangare ya jiƙa a barasa, ya toshe bakin da kaki. Iyakarta ke nan."

"A zuba barasa a ba ƙadangare?" Jakez ya zaro ido. "Mu kuma a auna mana da cokali? Lallai duniya ta lalace."

A nan dariya ta kama sosai. Gwenole ya ga ƙofa ta buɗe, ya shiga. Ya ce zai roƙi a sa Jakez ya riƙa taimaka wa masanin, shi zai narka kakin, shi zai toshe kwalaben da hannunsa, su gani da idonsu inda kowane curi ya tafi. Dattijon ya dube shi ya daɗe.

"Ka rantse da kabarin da ubanka bai samu ba?"

Gwenole ya rantse. Suka tashi suka koma jirgi. Jakez ne na ƙarshe. Ya sunkuya ya ɗauki curin da ya faɗi, ya shinshina, ya jefa sama ya cafe.

"Warin gida," ya ce. "To, Yaya, in ya yi saura zan aiko maka da rabona. Ka ba Inna, kada ta sha wahalar nema."

"Rufe mana baki, sakarai."

"Ka gaida Soaz. Ka ce mata ita ta zo ta nemi aurena, kada ta gaji da jira ta je ta nemi wani."

Washegari aka kira su ofis su sa hannu a takardar jirgi. Jakez bai iya rubutu ba, sai ya yi abin da duk marar karatu yake yi, ya ja layi biyu a giciye a gaban sunansa. Gwenole ne ya riƙe masa takardar.

Petrel ta tashi da safe, da bindigogi da tutoci da limami yana yayyafa ruwa. Shekara ta farko an ji labarinta sau biyu, ta biyu sau ɗaya, daga wata tasha mai nisa. Daga nan ba a sake ji ba.

Gwenole yakan je gida sau ɗaya a shekara, lokacin sausayar tumaki. Soaz, matar Jakez, ita take noma gonar, ita take kwaso ciyawar teku ta shanya don wuta, kamar kowace mace a tsibirin. Da farko takan tarye shi a bakin ruwa da tsokana.

"Yaya Gwenole, ina mijin da ka ara wa sarki? Ko ya cinye ne?"

"Yana can yana ba ƙadangaru barasa, ƙanwata."

Daga baya ta daina zuwa bakin ruwa. Sai ya same ta a gona, ta ɗago ta dubi fuskarsa, ta mayar da kai ga fartanya. Ba ta sa baƙin kaya, don ba a ce ya mutu ba. Ba ta zuwa rawa, don ba a ce yana raye ba. Sauran matan mutanen Petrel haka suke, kuma duk idonsu a kan gidan Miniou, saboda Gwenole ne mutumin ofis. Idan shi ya faɗa, kowa zai bi.

Kowace shekara yakan tambayi Kemener. Amsar ba ta canja ba.

"A wurinmu Petrel tana kan tafiya. Wanda ya ga ta nitse ya zo ya faɗa. Ni ban gani ba."

Sannan ƙasa ta hargitse, aka tumɓuke sarki, waɗanda suka tura jirgin wasu suka gudu, wasu aka sare musu kai. Ba sauran mai tunawa da cewa an taɓa aika mutane su auna bayan duniya.

Inna Barba ta tsufa, hannunta ya fara rawa. Wata shekara da ya zo, ta zaunar da shi a gaban murhu.

"Na yi wa 'ya'yan kowa," ta ce. "Na yi wa ubanku. Zan mutu in bar nawa yana yawo a kan ruwa?"

"Inna, ba a tabbatar ba."

"Wa zai tabbatar? Kifi?"

"In na faɗa kuma ya dawo fa? Ya tarar an binne shi, matarsa a wani gida?"

"In ba ka faɗa ba kuma, yarinyar nan ta bushe a tsaye kamar itace. Kai ne babban namiji a gidan nan, Gwenole. Kai ka ce musu su hau. Kai za ka ce sun sauka."

Ya koma Brest da maganar a ransa. Ya gaya mini da bakinsa cewa a shekarun nan ko wucewa ya yi ta gaban mai sayar da zuma sai ya tsallaka ɗaya gefen hanya.

Wata rana aka ba da umarnin a share ɗakin baya na sito, ana son wurin don kayan yaƙi. Ɗaki ne mai laima, inda ake jefa duk abin da ba a san mai shi ba. A ƙarƙashin ruɓaɓɓun igiyoyi Gwenole ya ci karo da wani akwati, da sunan Petrel a jikinsa. Masanin nan ne ya aiko shi ta hannun wani jirgin fatake daga tashar ƙarshe da aka ji labarinsu. Ya iso lokacin hargitsi, aka tura shi lungu, aka manta.

"Zubar da abin da ke ciki, a wanke kwalaben," in ji Kemener. "Asibiti suna nema."

Gwenole ya jawo akwatin zuwa bakin taga, ya ɓalle murfin. Kwalabe ne a jere cikin ciyawa. A wasu barasar ta ƙafe, a wasu akwai abubuwa farare suna lilo, kifaye masu ido a buɗe, da wani abu mai kama da hannun jariri. Bai tsaya kallonsu ba. Bakin kwalaben ya kalla. Kowace an toshe ta da kaki rawaya, kuma a tsakiyar kowane kaki an danna babban yatsa tun yana da ɗumi. Shatin yatsan a rabe yake gida biyu.

Ya zauna a ƙasa. Ya ɗauki ɗaya ya kai hancinsa, warin yana nan. Ya ɗora nasa yatsan a cikin ramin, ya ji ya yi masa yawa, kamar takalmin babba a ƙafar yaro. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ashe gaskiya ya faɗa a bakin ruwa, kakin na kwalba ne. A ta ƙarshe, can ƙuryar akwatin, kusa da shatin yatsan, an ja layi biyu a giciye da bakin wuƙa.

Ya daɗe yana kallon alamar. Haka Jakez yake sa hannu, don bai san wani rubutu ba. Wataƙila cewa yake yi, ni ne na yi wannan, ina nan lafiya. Wataƙila tsokanar da ya yi a bakin ruwa ce ya cika, yana dariya shi kaɗai a cikin jirgi. Wataƙila kuma a lokacin ya riga ya ga wani abu a fuskokin abokan tafiyarsa, ya aiko da rabonsa kamar yadda ya ce. Babu wanda za a tambaya. Gwenole ya sa wuƙa ya ɓamɓare kakin a hankali don kada shatin ya fashe, ya naɗe a hankici. Sauran ya zubar, ya wanke kwalaben tas, ya kai asibiti.

Ya nemi izinin kwana kaɗan, Kemener ya dubi hankicin da ke hannunsa, ya ba shi.

Ya sauka Eusa da la'asar, ba lokacin sausaya ba. Matan da ke gonaki suka miƙe suna kallonsa yana ɗingisawa a hanya, ba wadda ta gaishe shi. Wasu suka ajiye fartanya suka biyo shi daga nesa. Ya tarar da Soaz a tsakar gida tana gyaran kifi, Inna Barba a ciki. Bai shiga ba. Ya tsaya a ƙofa, ya cire hula.

Soaz ta ɗago. "Yaya Gwenole, lafiya? Ka shigo mana."

Ya gyara tsayuwa a ƙofar, ya ce:

"Yau akwai proella a gidan nan."

Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye wuƙar, ta wanke hannu, ta ce, "Ka tabbata?"

Ya miƙa mata hankicin. Ta warware, ta ga yatsan, ta ga alamar. Ta dube shi, kuma ya san ta gane cewa wannan ba tabbaci ba ne. Ta sa yatsanta a cikin ramin ta bar shi a can. Sannan ta juya ta ce, "Inna, ga Jakez ya dawo."

Inna Barba ta karɓi kakin ta riƙe shi kusa da wuta har ya yi laushi. Hannunta da ke rawa ya tsaya cak. Ta murza shi a tafin hannu, shatin ya ɓace, ta raba biyu ta giciya. Kafin rana ta faɗi, manyan maza na sauran gidajen Petrel sun tsaya a ƙofofinsu sun faɗi tasu. Washegari aka jera zuwa coci, kowace mace da ɗan gicciyenta a kan farar hula. Inna Barba ba ta ga wata sausayar ba.

Soaz ta yi takaba, ta fita, ta je ta nemi auren wani mai gyaran kwale-kwale kamar yadda matan Eusa suke yi, ta haihu. Gwenole ya koma sitonsa har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya dawo tsibiri. Soaz ta ba shi ɗaki a gidanta, tana ce masa Yaya har ta rasu. Mutumin kirki ne, mai shiru, yana koya wa yara baƙi, yana gyara wa mata wasiƙa. Abu ɗaya kawai aka san shi da shi. Duk sa'ad da aka ce an hango babban jirgi, sai ya bar abin da yake yi ya ɗingisa zuwa kan dutse, ya tsaya har jirgin ya wuce. Yara suna ce masa mai jiran Petrel. Sun ɗauka fata yake yi. Waɗanda suka taɓa tsayawa kusa da shi sun ce fuskarsa ba ta mai fata ba ce, kuma sai jirgin ya ɓace yake sauke numfashi. A ofishin Brest, har ranar da ya bar aiki, ba wanda ya ce Petrel ta nitse.

Ni ne ɗan Soaz na fari. Na gama karatu a Rennes na dawo na tarar da shi a kwance, na zauna da shi kwanakinsa na ƙarshe, a nan ya ba ni labarin nan gutsure-gutsure. Ranar da zai cika, da hantsi, ina zaune a kujerar da ke kusa da murhu, inda na saba zama tun ina yaro. Ya buɗe ido ya dubi ƙofar da ke bayana, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana," ya ce, "in ya shigo, ka tashi ka ba shi wurin. Kujerar Jakez ce."

Na waiwaya. Ƙofar a buɗe take, babu kowa sai hanya da teku a bayanta. Da na juyo ya tafi.

Mun binne shi kusa da Inna Barba. Kujerar tana nan inda take, ban koma kanta ba.